Tambayar da Malama Ummukulthum Ba Ta Yi Ba

Yayata Ummukulthum ta shekara ashirin da huɗu tana koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati da ke Doka, kuma a iya sanina ba a taɓa yi mata tambayar da ta kauce wa ba. Ni Binta, autar ɗakinmu, robobi da tukwane nake sayarwa a babbar kasuwa. Bokona a aji uku ya tsaya, amma rabin abin da ke cikin littafin 'yan aji ukun na san shi, don a kaina take gwada darasi kafin ta kai wa yara. In na gane, sai ta ce to kowa ma zai gane. Har yau ban san ko yabo ne wannan ba.

Doguwa ce marar jiki, mai tafiya kamar an aike ta. Ba ta da ƙawar kirki, saboda bakinta ba ya ajiye magana. Iyaye sun sha kai ƙararta wurin shugaban makaranta a kan darasin balaga da haihuwa, don takan tsaya gaban yara maza da mata ta zana mahaifa a allo, ta kira kowane abu da sunansa, fuskarta ko gezau. In an yi mata magana ta ce gara su ji daga bakinta da su ji a bakin titi.

Darasin da ta fi so kuwa shi ne na sinadaran da ke farfashewa da kansu. Yadda ta yi mini bayani, akwai wasu sinadarai da ƙwayoyinsu ba su da natsuwa. Haka kawai, ba wanda ya taɓa su, sai su riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, kowace in ta fashe ta fitar da wani irin haske da ido ba ya gani amma yana ratsa jikin mutum. Shi ne radiyeshan. Wanki ba ya kashe shi, wuta ba ta kashe shi, jira kawai ake yi. Kowane sinadari yana da lokacin da rabinsa ke ƙarewa, wani sa'o'i, wani kwanaki, wani shekaru dubbai. In lokacin ya sake zagayowa, rabin abin da ya rage ya tafi.

Makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji, sai wani ɗaki da aka tara karyayyun bencina a ciki. Saboda haka duk shekara in zangon ya zo nakan tara mata marafan kwalba a wurin Sule mai lemo, maƙwabcin shagona. Marafi ɗari take zubawa a babban tire, yara su girgiza su watsa a ƙasa. Duk wanda ya faɗi a rigingine ya fashe ke nan, a cire shi. Su ƙirga saura, su rubuta a allo, su sake watsawa. Ajin ya kaure da hayaniya, malaman maƙwabtan azuzuwa su yi ta tsaki. Ta ce kusan kowace shekara sai an samu yarinyar da ta tambaya, "Malama, wane marfi ne zai fita a gaba?" Ita kuma ta ce, "Babu wanda ya sani. Yawan da zai fita muke iya faɗa, ba wanda zai fita ba."

To wannan matar da ba ta jin nauyin kowa, akwai mutum ɗaya a duniya da ba ta iya haɗa ido da ita. Ita ce Sumayya, 'yarta ta fari.

Haka muka taso muka gani a gidanmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye Sumayya mahaifiyarmu ta ɗauke ta zuwa Katabu, can ta girma, can aka yi mata aure. Yaya ta riƙe wannan kunyar da ƙarfi fiye da kowa a cikinmu, kamar tana biyan diyyar rashin kunyar da ake cewa tana yi a aji. "Yarinyar nan" take ce mata. In Sumayya ta zo gaishe ta, gaisuwar ba ta wuce ta baƙo. Shekara huɗu da auren Sumayya da Fahad ta yi ɓari biyu, kuma duka biyun a bakina Yaya ta ji. Ta dafa abin da za ta dafa ta ba ni na kai, ita ko ƙafarta ba ta taka ba. Mijin Yaya, Malam Nuhu, ma'aikacin sakatariya, ya rasu da daɗewa. Ɗayan ɗan nata, Anas, yana aiki a Fatakwal. Ita kaɗai ce a gidan.

Ciwon ya fara mata da rama. Tana ci kamar gara amma tana zubewa, hannunta na rawa har alli ya riƙa kuɓuce mata, zuciyarta na bugu ko tana zaune. Sai wuyanta ya ɗan tasa ta gaba. Muka ce maƙoƙo ne. Likita ya ce wata 'yar halitta ce a gaban wuya, tayirod suke ce mata, ita ce ke aiki fiye da ƙima. Ta shekara biyu tana shan ƙwayoyi, ciwon ya lafa ya dawo. Daga ƙarshe aka tura ta wani asibiti a Abuja, inda za a ba ta sinadarin aidin mai radiyeshan ta haɗiya, ya je ya zauna a wuyan ya rage wa halittar ƙarfi.

Ranar da ta dawo daga ganin likitan har da murmushinta. "Binta, abin da nake koyarwa da marafan kwalba yau ga shi za a zuba mini a ciki. Kwana takwas ne rabinsa." Ta karanta mana takardar da aka ba ta, ni da Sumayya, a tsakar gida. Takardar ta ce bayan ta sha maganin ta riƙa kwana ita kaɗai. Kofinta da kwanonta daban, banɗakinta daban. Kowa ya tsaya nesa da ita kamar taku uku. Babba mai lafiya zai iya kula da ita in ya kiyaye. Amma ƙaramin yaro da mai ciki, kada su kusance ta sam har sati biyu.

Ni ina da goyon wata biyar a lokacin, don haka na fita daga lissafi. Anas zai kai ta ya dawo da ita ya koma bakin aikinsa. Sumayya ta ce, kanta a ƙasa, ita za ta zo ta zauna.

Da yamma Yaya ta ja ni kicin.

"Ki ɗan bincika mini yarinyar nan."

"In bincika me?"

"Kin ji abin da takardar ta ce."

Na dube ta. "Yaya, ke da kike zana mahaifa gaban yara sittin? Ga ta can a tsakar gida, ki tambaye ta mana."

Ta sha kunu. "Waɗancan 'ya'yan wasu ne."

A nan nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na samu Sumayya tana naɗe tabarma, na ce mata cikin wasa, "'Yata, ko dai akwai labari ne? Na ga kin yi wani haske." Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce, "Kai Anti, wane labari kuma." Duk macen da ta girma a cikinmu ta san wannan amsar ba ta nufin komai. Mai ciki haka za ta ce, marar ciki ma haka za ta ce. Balle wadda ta yi ɓari biyu, wadda ko inuwarta ba za ta gaya wa ba sai cikin ya fito da kansa. Na san haka sarai. Amma an kira ni cewa kayana sun iso tasha, hankalina ya riga ya tafi can. Na leƙa kicin na ce, "Babu komai, Yaya." Ta ce to. Ita ma ba ta tambaye ni yadda na yi tambayar ba.

Aka ba ta maganin ranar Litinin, suka dawo Kaduna a ranar. Kullum da rana in na taso daga kasuwa nakan biya da abinci, in bar goyona wurin maƙwabta, in tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida mu gaisa ta taga. 'Yan dubiya kuwa sun sha kora. Malaman makarantarsu, matan unguwa, 'yan Islamiyya, kowa ya zo da lemo da ayaba, Yaya ta tsayar da shi a zaure ta yi masa lacca a kan kwana takwas. Wata tsohuwa ta fita tana cewa tun da take ba ta taɓa ganin marar lafiya mai korar masu gaishe ta ba. A wannan fannin Yaya ba ta yi sakaci ba ko kaɗan.

Abin da ban sani ba shi ne abin da ke faruwa a cikin ɗakin. Daga baya Yaya ta gaya mini da bakinta. Ranar farko Sumayya a falo ta shimfiɗa tabarma. Rana ta biyu zuciyar Yaya ta yi ta bugu, sai Sumayya ta jawo tabarmar zuwa gaban gado. Yaya ta ce ta koma, ta ƙi, ita kuma ba ta matsa ba. Ta ce a ranta, babba ce, lafiyarta ƙalau, ɗan abin da zai same ta bai taka kara ya karya ba. Amma gaskiyar maganar, in ji ta, daɗi ta ji. Shekara ashirin da bakwai da haihuwar yarinyar, ba su taɓa zama su biyu a ɗaki ɗaya ba sai wannan karon. Babu mai shigowa, babu wanda za a ji kunya. Suka yi hira. Ta ji yadda 'yarta ke dariya in ta saki jiki. Rana ta uku Sumayya ta ce kan Umma ya tsufa, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta tsefe ta yi mata kitso, awa biyu, wuyan uwar jingine da cikin 'yar. In Yaya ta rage kunu a kofi, Sumayya ta shanye sauran, yadda yaro ke yi da ragowar uwarsa.

Ranar Juma'a na kawo miyar kuka. Ina buɗe kular, ƙamshin daddawa ya tashi, Sumayya ta toshe baki ta ruga bayan tankin ruwa. Ina tsaye ina jin kakarinta. Da ta fito tana wanke fuska ban yi wasa ba wannan karon.

"Wata nawa?"

Ta ci gaba da wanke fuska.

"Sumayya, wata nawa na ce."

"Ya kusa uku, Anti."

Yaya tana bakin taga, ta ji komai. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ja da baya har ƙarshen ɗakin, ta manne da bango, daga can ta ce, "Binta, fitar da ita daga gidan nan. Yanzu. Kada ta ɗauki komai." Sumayya ta fara cewa, "Umma, wa zai..." Yaya ta daka mata tsawar da ban taɓa jin ta yi wa ɗalibi ba. Na ja hannun yarinyar muka fita, ko takalmin kirki ba ta sa ba, na tsayar mana da keke a titi.

Da na dawo na samu Yaya zaune a ƙasa da littafin rubutu, tana lissafi. Kwana nawa, taku nawa, awa nawa na kitso, nawa ya rage a jikinta ranar Laraba. Ta kira likitan Abuja ta gaya masa komai ba ta rage ba. Ya ce abin da zai kai ga cikin kaɗan ne ƙwarai, mai yiwuwa babu abin da zai faru. Kofin ne ya ɗan tsaya a kai, don a daidai wannan watan ne tayirod ɗin jariri ke fara aiki. Ya ce in an haihu a gwada jinin jaririn, don a samu natsuwa. Na ce, "To kin ji, Yaya, ya ce babu komai." Ta ce, "Bai ce babu komai ba. Cewa ya yi mai yiwuwa." Da ma ni ce, jahilcina ya ishe ni in yi barci. Ita kuwa ta san abin da yawa, sanin ya hana ta sakat.

Wata shidan nan sun yi mana tsawo. Wuyan Yaya ya sace, rawar hannu ta daina, kowa na yi mata barka, amma ta fi lokacin ciwon ramewa. Zangon darasin ya zo, na kai mata marafai cike da leda, ta ce in mayar wa Sule, ta roƙi wani malami ya karɓar mata wannan babin. Magana kuma ta fita, don irin wannan ba ta ɓoyuwa. Surukar Sumayya ta ce an ba yarinya guba a gidan uwarta, kuma ba za ta je goyon ciki can ba, a Katabu za ta haihu. Na so in je in wanke matar nan tas, don bakina ni ma ba baya ba ne. Yaya ta hana ni. Ta ce, "Me za ki ce mata? Ƙarya ta yi?" Na ce ai ni ce na yi tambayar banza. Ta ce, "Ke aikenki aka yi. Ni ce uwarta."

Sumayya ta haifi mace, lafiyayya a ido, mai gashi cunkus. A nan Yaya ta ajiye kunya gefe. Ita da ko barka bai kamata a gan ta a gaba-gaba ba, kwana uku da haihuwa ta hau mota daga tashar Kawo ta sauka a Katabu, ta tsaya a tsakiyar ɗakin mai jego cike da dangin miji ta ce a ba ta jaririyar za a kai ta a ɗebi jini. Aka yi mata ca. Jaririyar da ko suna ba a raɗa mata ba za a fita da ita a soke ta da allura? Ga ta tana shan nono tana barci, me ake nema? Yaya ta ce ba za ta bar gidan ba sai da ita. Fahad ne ya raba gardamar, ya ɗauko mukullin mota, Allah ya saka masa.

Aka yi suna, yarinya ta ci sunan Nafisat. Kwana biyu bayan suna sakamako ya fito, muka koma mu huɗu, ni da Yaya da Sumayya da jaririyar. Likitar yara, wata mata mai sanyin magana, ta ce tayirod ɗin Nafisat ba ya aiki yadda ya kamata. Za a riƙa ba ta wata 'yar ƙwaya kullum da safe, a murƙushe a cokali da ruwan nono, wataƙila har iya rayuwarta. In ba a fasa ba, za ta girma kamar kowane yaro, ta yi karatu, ta yi komai.

Yaya ta ce, "Likita, ni ce?"

Likitar ta riga ta ji labarin. Ta ce, "Malama, ana haifar yara da wannan, ɗaya a cikin dubbai, waɗanda iyayensu ba su taɓa kusantar wani magani ba. Abin da ya kai gare ta daga jikinki kaɗan ne, ni ban zaci shi ne ba. Amma in kika ce in rantse miki, ba zan iya ba." Sannan ta ƙara, "Abin da na tabbata shi ne, a nan ba kowane jariri ake yi wa wannan gwajin ba. Da ba ki tilasta ba, sai bayan watanni za a gane, lokacin ƙwaƙwalwarta ta riga ta taɓu."

Na ɗauka wannan zai sanyaya mata rai. Bai sanyaya ba. Ko ita ta jawo wa jikarta ciwon, ko tsoronta ne ya ceci yarinyar daga ciwon da tun can zai zo, babu mai iya gaya mata, kuma ita ba irin mutanen da ke zaɓar amsar da ta fi daɗi ba ce.

Muka zauna a benci a barandar asibitin muna jiran a kawo maganin. Yaya ta juyo ta kalli 'yarta ido cikin ido.

"Kina zaune na karanta takardar nan. Kin ji abin da ta ce a kan mai ciki. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Sumayya ta gyara wa jaririyar hula. "Na ji, Umma."

"Da ni na tambaye ki da bakina, ba Binta ba, da kin gaya mini?"

Na san abin da Yaya ke so ta ji. So take a ce mata e, don laifin ya tsaya a kanta ita kaɗai, ta san inda za ta ajiye shi.

"Da cewa zan yi babu," in ji Sumayya. "Tun da nake ba ki taɓa cewa in zo in zauna da ke ba. Na ga in na faɗa, shi ke nan, ba za a sake samun wani dalilin ba."

Yaya ta miƙe ta tafi can ƙarshen barandar ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa. Na tashi zan bi ta, Sumayya ta riƙe mini zani. Muka zauna muka bar ta har aka kira sunan Nafisat a tagar magani.

Yanzu Nafisat tana da shekara biyu da rabi, tana gudu, tana surutu, ta iya fasa kofi. Yaya saura mata 'yan shekaru ta yi ritaya. Ta koma koyar da babin nan da kanta, sai dai yara sun ce ba ta dariya a cikinsa kamar da. Na sha kwana a gidanta, na ga yadda safiyarta take. Ƙarfe bakwai saura kwata, ta gama shiri, jaka a kafaɗa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kira Katabu. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa.

"An ba ta?"

"An ba ta, Umma."

"Duka ta haɗiye, ko ta tofar?"

"Duka."

Sai ta tsaya da wayar a kunne, ba ta cewa komai, Sumayya ma ba ta kashewa. Wani lokacin har minti guda suna haka. Sannan ta sa wayar a jaka ta kulle gida ta tafi makaranta.